Gaisuwar da na goge daga aikin Kawu

Ranar da aka yi wa Kawu sutura a Ƙofa, masu ta'aziyya sun kasa haɗa baki a kan sana'ar mamacin. Ina cikin gida tare da mata, amma katangar gidan gajeriya ce, duk abin da aka faɗa a waje yana iso mana. Wani dattijo ya ce an yi rashin malamin lissafi, shi ya koyar da 'ya'yansa uku a sakandaren Tudun Wada, kuma har yau in an ambaci jarrabawarsa ta ranar Litinin sai gabansu ya faɗi. Liman ya ce an yi rashin wanda ya tsara jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallaci. Wasu manoma da suka zo daga wajen Kiru suka ce a'a, su dai mai gyaran injin ban ruwa suka sani. A cikin gida kuwa wata maƙwabciya ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Allah sarki Malam, mai danne-danne. Kullum yana gindin mangwaron nan yana danna abin nan nasa."

Duk gaskiya suka faɗa. Amma a cikin taron nan kaf ni kaɗai na san abin da yake dannawa, kuma ni ce ban buɗe baki ba. Ummata, wadda take ƙanwa a gare shi, ta ɗauka nauyin rashin ne ya ɗaure min harshe, har tana dafa kafaɗata. Da rashin a ciki. Amma abin da ya fi danne ni shi ne akwai saƙon Kawu da ya yi wata bakwai yana jiran amsata, na gan shi tun ranar da ya iso, ban amsa ba har ƙasa ta rufe masa ido. Wannan rubutu na yi shi ne don kada a manta da shi, kuma ba zan iya ba da labarinsa in tsallake nawa laifin ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min, tun ina rarrafe har na yi aure na haihu. Mutum ne dogo, siriri, mai tafiya kamar yana ƙirga sawunsa. Shayinsa ba sukari, hularsa kullum a karkace, kuma ba ya fara komai a duniya ba tare da gaisuwa ba. Idan ya kira ka a waya sai ya tambayi kwananka, da gajiya, da aiki, da maigida, da yara ɗaya bayan ɗaya, da maƙwabcin da ya taɓa gani sau ɗaya shekara biyar da suka wuce. Sau da yawa katinsa kan ƙare kafin ya iso ga abin da ya kira dominsa. Mu 'ya'yan dangi mun saba, muna amsa "lafiya lau, lafiya lau" hankalinmu yana wani wuri, sai mun ji ya ce "to, bayan gaisuwa" sannan mu dawo da kunne.

Bayan ya bar koyarwa ya yi shekaru a ɗakin kwamfuta na wata jami'a a birni, har ya yi ritaya. Ya dawo Ƙofa da tsohuwar kwamfutar cinya wadda aka ɗaure murfinta da roba, da kuma son wani yaren rubuta manhaja da ake kira Haskell. A wannan yaren komai kamar lissafi ake rubuta shi: ka ba wa aiki abu, ya dawo maka da amsa, in ka sake ba shi abin nan gobe amsar nan dai za ka samu. Abin da ya kama zuciyar Kawu ke nan. Yakan ce shi yare ne mai tarbiyya, ba ya shiga ɗakin maƙwabci ya taɓa kaya a ɓoye. Na taɓa tsokanarsa na ce da yaren mace ne da ya yi wa Inna kishiya da shi. Inna, matarsa, tana tankaɗe a gefe ta ce ai an daɗe da ɗaura auren, ita dai ba a kawo mata goro ba ne.

Aikin da ya sa aka san shi a wuraren da bai taɓa takawa ba, daga gonar tumatir ya faro. Wata ƙungiyar manoman rani ta samo injinan ban ruwa masu aiki da sola, kowanne da 'yar na'urar da ke kunna shi tana kashewa. Manhajar da ta zo da na'urorin da wani tsohon yare aka rubuta ta, wanda ake kira C. Kawu yana so ya rubuta musu tsarin rabon ruwa da Haskell, sai dai yarukan biyu ba sa jin maganar juna. Sai ya zauna ya rubuta abin da zai tsaya a tsakaninsu, ya karɓi magana daga wannan ya miƙa wa wancan. Ya sa masa suna Tafinta. Irin wannan tarin kod, wato rubutun manhaja, da mutum ke rubutawa don wasu su ɗauka su gina nasu aikin a kai, laburare muke ce masa. Ya ɗora shi a intanet kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya duba cikinsa, wanda ya ga kuskure ya aiko da gyara. Da na tambaye shi me zai samu, ya ce, "Uwata, wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ai ba ya zama yana rubuta sunan masu sha. Ina fatan in tarar da ita a can."

Akwai wani wuri guda a cikin Tafinta da ya fi ko'ina ba shi wahala. Haskell yana iya sakin ƙananan ma'aikata ɗari a cikin manhaja su yi ta aiki lokaci guda, wannan yana auna ruwa, wancan yana duba batir. Tsohuwar manhajar C kuwa ba ta jure a yi mata magana biyu a tare. Kawu ya kwatanta min ita da mai awo a kasuwar Ƙafin Maiyaki: mudu ɗaya gare shi, in hannu biyu suka shiga kwano lokaci guda awo ya ɓaci. Don haka ya tilasta wa duk ma'aikatan su bi layi ɗaya, kowa ya jira na gabansa ya gama. Abin yana tafiya a hankali, amma bai taɓa tsayawa ba.

Ni kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma da na fara aiki a Kano shi ya ja ni cikin Tafinta. Na koyi abin da ban koya a aji ba. Sai dai akwai wata ɗabi'a tasa da ke ba ni dariya tun farko. A cikin kod ana barin bayani don mai karantawa, layukan da kwamfuta ba ta kula da su. Mutane kan rubuta kalma biyar su wuce. Kawu kuwa da Hausa yake rubuta nasa, kuma wasiƙa sosai yake yi. Kowane fayil da bisimilla yake farawa, sai sallama, sai sannu da zuwa ga ɗan uwa mai karatu, sai fatan an baro gida lafiya. Nakan karanta layi biyu in yi murmushi in gangara ƙasa inda aikin yake.

Da idanunsa suka fara rauni sai ya kira ni gindin mangwaro wata Asabar da hantsi. Ya juyo min da kwamfutar ya nuna min ya mayar da ni mai riƙe da Tafinta, wato ni ce mai karɓar gyara ko in ƙi.

"Ga makulli, Uwata," in ji shi. "Daga yau ni baƙo ne. In na kawo gyara ki duba shi kamar na kowa, kada ki ji nauyina."

"Kawu, in na ƙi naka fa?"

"Sai in san na koyar."

Ya yi dariya har hular ta ƙara karkacewa. Na sha tuna wannan dariyar daga baya.

A hannuna Tafinta ya yi jama'a. Mutane daga ƙasashen da sai a taswira na san su suka fara amfani da shi, wasu a gidan kaji, wasu a ɗakin bincike. Ni kuma kaina ya fara girma, ba zan ɓoye ba. Wata rana wani baƙo ya rubuto a shafin aikin da Turanci yana tambaya, wane yare ne wannan da ke cike da fayilolin, kuma me yake cewa? Yanzu da na sake karanta tambayarsa na ga babu raini ko kaɗan a cikinta, son sani ne kawai. Amma a ranar kunya ce ta rufe ni, irin wadda ke kama mutum idan baƙon birni ya shigo ya tarar da akuya a tsakar ɗaki. Me zan ce masa? In ce kawuna ne ke tambayar lafiyar iyalinsa?

A yammacin nan na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya na goge Hausar duka. Ban karanta ba. Ina ganin sallama a sama sai in ja har ƙasa in share, don a ganina na san abin da ke ciki. Baƙon da ya yi tambaya ba zai iya karantawa ba ko ya so. Ni da nake iyawa, ni ce na tsallake, kamar yadda na saba tsallake gaisuwarsa a waya. Da na iso wurin layi ɗayan nan, babu sauran bayanin da zai tsayar da ni, sai na ga tsufa ne kawai da tsoro. Na buɗe hanya ma'aikata suka riƙa shiga a tare. Na gwada a kwamfutata, abin ya yi gudu ninki-ninki. Baƙi suka yi ta yabo, ni kuma na yi ta karɓa.

Kawu bai ce komai ba sai da na je gida da babbar salla. Bayan an ci nama an watse, ya sa na kawo masa shayi. Ya gaishe ni tsaf kamar ba tun safe muke tare ba, sannan ya ce, "Na ga an yi shara a Tafinta."

"An ɗan gyara ne, Kawu."

"Kin karanta har ƙarshe kafin ki goge?"

"Ai na san abin da ke ciki. Gaisuwa ce. Yanzu duniya ce ke karantawa, ba mutanen Ƙofa ba."

Ya juya kofin a hannunsa. "Mutanen Ƙofa ma a duniya suke, Uwata. Amma bar wannan, gaisuwa tawa ce, ba dole sai an amsa ba. Layin nan da kika buɗe shi ne damuwata."

"Na gwada shi sau dubu."

"Gwaji dubu ba ya kama shi. Sai ranar da ya ga dama."

Nan ne na faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta a bakina. Na ce, "Kawu, zamani ya wuce nan. Kai da kanka ka ba ni makullin." Inna da ke kwashe kwanuka ta tsaya ta dube ni. Shi kuwa ya gyaɗa kai kawai ya ce haka ne, shi ya bayar. Ya shanye shayinsa ya tashi ya tafi la'asar.

Bayan 'yan makonni gyaransa ya shigo shafin aikin, ta hanyar da kowane baƙo ke bi. Take ɗaya ne da Turanci: a mayar da layi ɗaya. Babu sallama, babu ina kwana, babu Uwata. Tunda na zo duniya ban taɓa samun saƙo daga gare shi ba gaisuwa ba sai wannan, kuma ni na koya masa. Na ga taken, na rufe. Na ce sai na huce. Daga nan na ce sai na samu lokaci. Ana cikin haka mutum biyu suka rubuto cewa na'urarsu takan sandare bayan kwanaki tana aiki, ba ƙara, ba saƙon kuskure. Na amsa musu cewa a kwamfutata hakan ba ta faruwa. Gaskiya ne ba ta faruwa, amma zuciyata ta san inda ciwon yake. Buɗe gyaran Kawu yana nufin in rubuta a gaban duk masu yabona cewa tsohon ya fi ni gani, ni kuwa ban shirya ba.

A watannin nan bai daina kirana ba. Yakan gaishe ni kamar kullum, ya tambayi yara, ya tambayi maigida, ni kuma ina ɗari-ɗari ina jiran "bayan gaisuwa". Bai taɓa faɗa ba. Sai ya ce a gaida mutanen gida ya kashe. A lokacin har daɗi nake ji na tsira. Ciwon da ya kwantar da shi bai yi sati biyu ba. Na zo na same shi a asibiti ana ta shiga da fita, na riƙe hannunsa, na ce a raina in ya warware za mu zauna mu yi maganar a tsanake.

Kwana biyu da rasuwar, shugaban ƙungiyar manoman ya nemi iznin shigowa ya yi wa Inna gaisuwa. Dattijo ne mai kaurin murya, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ina zaune kusa da ita a ciki. Bayan addu'a ya ce akwai abin da ba zai manta ba. Farkon rani, da mai kula da na'urorinsu ya ɗora musu sabon tsari daga intanet, injina suka riƙa tsayawa haka kawai. Gonaki uku suka yi yini biyu ba ruwa a lokacin da tumatir ke fure, mutum ɗaya ya yi asarar rabin shukarsa.

"Muka kira Malam," in ji shi. "Wallahi Hajiya, a kan acaɓa ya zo, da rana tsaka, ƙafarsa a kumbure. Ya bi na'urorin nan ɗaya bayan ɗaya, daga namu har na mutanen Tudun Wada, yana kanga ido da allon don ba ya gani sosai. Kwana uku yana yi. Muka ce Malam wa ya ɓata abin? Ya ce kuskurensa ne, tsufa ya sa ya bar wata kafa a buɗe, mu yafe masa. Wanda ya yi asarar ma har gida Malam ya bi shi ya ba shi haƙuri."

Inna ta ce Allah ya ba da lada. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon zanen tabarma. Ban san an yi haka ba, domin ban tambaya ba. Mutumin ya tashi ya fita yana yi wa Kawu addu'a a kan laifin da ba nasa ba, ni mai laifin ina zaune ko tari ban yi ba.

Washegari bayan an yi sadakar uku jama'a suka ragu. Inna ta kira ni ɗakinta da hantsi. Wayar Kawu tana gefenta a kan tabarma, don har lokacin masu ta'aziyya suna kira ta nan.

"'Yar nan," ta ce, "ni ban san aikinku ba. Amma kullum in ya idar da walaha sai ya buɗe abin nan ya kanga ido, ya rufe. Na ce Malam me kake dubawa? Ya ce ya aika wa Uwarsa saƙo ne, yana jiran amsa. Na ce to ka kira ta mana. Ya ce a'a, wannan ba a waya ake amsa shi ba, kuma ba ya so ki amsa don kunya." Ta dube ni. "Kin amsa?"

Na ce ban amsa ba. Ta ci gaba da jan carbinta.

Na fita gindin mangwaro, inda sabis ya fi kamawa, na zauna a kan kujerarsa. Kafin in buɗe gyaran sai na koma tarihin aikin, don duk abin da aka goge yana nan a ajiye ga mai son dubawa. Na nemo bayanin da ke saman layi ɗayan nan, na karanta shi a karo na farko har ƙarshe.

"Assalamu alaikum, ɗan uwa ko 'yar uwa mai karanta wannan. Sannu da zuwa, sannu da ƙoƙari. Ina fatan an baro gida lafiya, idanu kuma ba su gaji ba. Bayan gaisuwa, za ka ga na sa kowa ya bi layi ɗaya a nan, za ka ga kamar ɓata lokaci ne. Ni ma na taɓa buɗe shi, ya yi kwana tara lafiya, sannan ya cije ni. Idan biyu suka shiga tare, kowanne yakan riƙe abin da ɗayan ke jira, sai su tsaya cak, babu mai sakarwa. A kwamfuta ba za ka gani ba, sai a gona. Don Allah kada ka buɗe, akwai shukar mutane a bayan wannan layin."

Gyaran nasa layi goma sha ɗaya ne, tsaf, babu harafi ɗaya da ya kauce, daga mutumin da sai ya kanga ido yake ganin allo. Na karɓe shi. Na mayar da Hausar duka inda take, na sa fassara a ƙarƙashin kowace, har da sannu da zuwan. Sannan na rubuta amsa a shafin, inda kowa zai gani, da Hausa da Turanci. Na faɗi wadda ta buɗe layin, da wanda ya gargaɗe ta, da yawan watannin da gyaran ya yi yana jira. Na aika.

Daga cikin ɗaki na ji wayar Kawu ta yi ƙara. Na manta duk amsar da aka rubuta a shafin tana zuwa masa kai tsaye.

"'Yar nan, zo ki duba," Inna ta kira. "Wani ya aiko wa Malam saƙo. Ko bai ji rasuwar ba ne?"

Na shiga na durƙusa na karɓi wayar. Na ce, "Nawa ne, Inna."

"To karanta min."

Na fara karantawa. "Assalamu alaikum, Kawu."

"Wa alaikumus salam," in ji Inna, a hankali, idonta a kan carbi.

"Ina kwana. Ina gajiya."

"Lafiya lau. Ba gajiya."

"Yaya ƙarfin jiki, yaya mutanen gida?"

"Da godiya."

Haka ta yi ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har na iso inda na rubuta, "Bayan gaisuwa, Kawu, kai ne da gaskiya. Ni na ɓata, kai ka ɗauka. Ka yafe mini."

Na tsaya ina jira. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon ƙofa, wajen mangwaron.

"Gaisuwar na san yadda yake amsa ta, shekara arba'in ina ji," ta ce. "Wannan kuwa bai bar min sallahu ba."

Allah ka yi masa rahama gwargwadon haƙurin da ya yi da mu, ka sa ya tarar da rijiyarsa cike. Wayar tana hannun Inna har yanzu, kuma ta ce min saƙon yana nan a sama, ba ta bari kowa ya taɓa shi ba.